Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko da Renon Magada

An haifi Muhammadu Dikko a ƙasar Katsina cikin shekarar 1865. Basulluɓe ne, ɗan Durbi Gidado. Ya tashi a gidan sarauta da yaƙi, ya yi karatun allo, ya saba da sirdi tun yana yaro, aka naɗa shi Durbi yana saurayi. A wannan zamani sarautar Katsina tana hannun Dallazawa, zuriyar Malam Ummarun Dallaje wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Babu wanda ya ke tsammanin rawanin zai bar gidansu.

Turawa suka shigo Katsina cikin 1903. Ba a daɗe ba suka tuɓe Sarki Abubakar, suka naɗa Yero, shi ma bai jima ba aka fitar da shi. Ƙarshen 1906, da goyon bayan Baturen da ke riƙe da Katsina, Mista Palmer, aka ba Durbi Dikko sarauta. Ga shi ya hau gadon da ubansa bai hau ba, kakansa bai hau ba, ga kuma waɗanda suka gada suna nan cikin gari suna kallo. Ya ga da idonsa an tuɓe sarki biyu cikin 'yan shekaru kaɗan. Saboda haka ya gane ba abin da zai tsayar da gidansa, ya tsayar da ƙasar, sai aiki mai kyau, aiki kuwa ba ya yiwuwa sai da mutanen da aka koya wa.

Abin da ya fara tilasta neman irin waɗannan mutane shi ne Baitulmali, wanda aka soma a Katsina farkon mulkinsa, daga baya sauran ƙasashen Arewa suka ɗauka. Dā haraji da jangali hannun sarki da hakimai su ke shiga, kowa ya ci rabonsa. Da aka kafa Baitulmali sai aka raba kuɗin, kashi ga Gwamnati, kashi ga En'e, aka yanka wa Sarki da hakimai da alƙalai albashi. Hakimai kuma aka fitar da su daga birni, kowa ya zauna cikin gundumarsa. To, wannan tsari yana bukatar Ma'aji, da malaman haraji masu ƙirga mutane da shanu, da masu rubuta rasit, da magatakardan kotu. Jarumtaka ba ta iya wannan aiki, sai alƙalami.

Amma fa mutane suna ƙyamar makarantar boko ƙwarai, suna tsoron za ta raba 'ya'yansu da addini. Waɗansu manya in an nemi ɗa sai su tura ɗan bara. Sarki Dikko ya sa 'ya'yansa na cikinsa, don ya san in kai ya wuce, jiki ba ya tsayawa. Da hakimai suka ga haka, bakin ƙi ya mutu. Shi ya karɓi babbar makarantar horon malamai a garinsa, wato Kwalejin Katsina, wadda ta soma karatu cikin 1921, Gwamna Clifford ya zo ya buɗe ta cikin 1922. Wajen 1930 kuma aka buɗe makarantar 'yan mata a Katsina da yardarsa, lokacin da irinta ba ta da yawa a Arewa.

Wanda ya ke son ya ga yadda ya ke reno, sai ya dubi yadda ya bi da ɗansa Usman Nagogo, wanda aka haifa cikin 1905. Ya sa shi karatun addini tukuna, sa'an nan makarantar lardi. Cikin 1921 da Sarki ya tashi zuwa aikin hajji, ya bi ta Ingila ya gana da Sarki George na Biyar, ya tafi da yaron, don ya ga duniya tun idonsa na ɗanye. Da suka komo bai ɗora masa babban rawani ba. Sai cikin 1929 aka ba shi shugabancin 'yan doka. Wannan aiki ne na rana da ƙura: kama ɓarawo, tsaron kasuwa, kai mai laifi gaban alƙali, da horon mutanen da waɗansunsu sun girme shi. Nan ne mutum ke koyon ba da umurni, ya kuma koyi amsa tambaya in an yi kuskure. Ya shekara takwas a kai. Cikin 1937 aka naɗa shi Magajin Gari, ya riƙe birnin Katsina da masu unguwanninta da harajinta, a ƙarƙashin idon ubansa da majalisa. Ya shekara bakwai nan kuma. Watau shekara goma sha biyar yana ɗaukar kaya, kowane ya fi na baya nauyi, kafin a aza masa babban.

Renon bai tsaya ga 'ya'yan gida ba. Malam Bello Kagara, wanda ba haifaffen Katsina ba ne, ya koyar a Kwaleji, daga baya ya zama Walin Katsina, shi ne kuma ya rubuta tarihin Sarkin. Ƙanensa Abubakar Imam ya yi karatu a Kwalejin, ya koyar a Midil ta Katsina, kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939. Isa Kaita da Musa 'Yar'aduwa, 'yan ƙasar Katsina, sun bi ta wannan makaranta, suka yi wa En'e aiki, suka zama ministoci. Ahmadu Bello daga Sakkwato da Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauchi su ma cikin ɗakunanta suka zauna. Kwalejin ta koma Kaduna cikin 1938, daga nan Zariya, inda a ke kiranta Barewa, amma a Katsina aka dasa ta.

Allah ya yi wa Sarki Muhammadu Dikko rasuwa cikin 1944, bayan ya shekara talatin da bakwai bisa gado. Ranar da a ke gudun gidan zai girgiza, sai aka tarar akwai wanda ya san kotu, ya san kasuwa, ya san littafin haraji. Aka naɗa Usman Nagogo, ya yi sarauta har 1981. Ɗansa Muhammadu Kabir, wanda shi ma ya riƙe sarautar Magajin Gari, ya gaje shi har 2008, sa'an nan sarauta ta koma ga ɗansa Abdulmumini.

Tsarin En'e ya ƙare cikin 1976, amma abin da ke cikin wannan labari bai ƙare ba ga duk mai riƙe da ofis. Akwai babba mai ɓoye wa yaronsa littafi da mabuɗi, don kada a ce an iya ba da shi ba. Irin wannan, ran da ya kwanta ciwo aiki ya kwanta tare da shi. Wanda ya fi shi shi ne mai ba na ƙasa ƙaramin aiki ya tsaya yana duba, in ya yi kuskure ya gyara masa a ɓoye, in ya iya ya ƙara masa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya jiƙan Sarki Dikko, ya ba na baya ikon koyi da shi, amin.