Ɗanyen Kasko

In ka ji tsofaffin Sakkwato sun ce Ɗanyen Kasko, to Sarkin Musulmi Abdurrahman ɗan Abubakar Atiku suke nufi, jikan Shehu Usmanu. Laƙabin ba na yabo ba ne. Kaskon da ba a gasa ba ai ba ya riƙe ruwa.

Ya hau gado a 1891. Bai daɗe ba ya tara runduna ya nufi Argungu, Kabawa ƙarƙashin Sarki Sama'ila suka fatattake ta. A wannan yaƙi Tukur, ɗan Sarkin Kano Bello, ya nuna jarumta. Da Bello ya rasu a 1893, sai Abdurrahman ya saka masa da sarautar Kano, duk da Waziri Buhari ya gargaɗe shi cewa Kanawa ba sa son Tukur. Nan Basasa ta ɓarke. Ya umarci sarakuna su kai wa Tukur ɗauki, akasarinsu suka yi ta jan ƙafa. Umarnin Sakkwato fa! Aliyu Babba ya ci Kano, aka kashe Tukur a 1895, ala tilas aka amince da Aliyu.

Abdurrahman ya rasu a 1902. Ranar 15 ga Maris 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato.