Brian Faulkner, Shugaban Da Ya Yarda Ya Raba Mulki

Jama'a, ga taƙaitaccen tarihin wani mutumin Ailan ta Arewa, ƙasar da ke yamma da Ingila. A 1921 aka tsaga tsibirin Ailan biyu. Kudu ta kama hanyar mulkin kai, larduna shida na arewa kuwa suka zauna tare da Ingila. A cikin lardunan nan, wajen kashi biyu cikin uku Furotesta ne masu son zama da Ingila, sauran kuwa Katolika, galibinsu masu son a haɗa tsibirin ya zama ƙasa ɗaya. Da ya ke masu rinjaye su ke kafa gwamnati, jam'iyyar Furotesta ita kaɗai ta yi ta mulki shekara hamsin, Katolika ba su ɗana ba.

A cikin wannan shekara ta 1921 aka haifi Brian Faulkner, ran 18 ga watan Fabrairu. Ubansa mai masana'antar ɗinka riguna ne a birnin Balfas. An zaɓe shi cikin majalisar ƙasar a 1949. Tun farko an san shi da zafi wajen kare Furotesta, har a 1955 ya shiga gaban jerin gwanonsu suka ratsa wata hanya ta yankin Katolika, ko da ya ke mazauna wurin ba su so ba. Ya zama Ministan Harkokin Cikin Gida a 1959, sa'an nan Ministan Ciniki a 1963, inda ya yi suna wajen jawo masana'antu.

Ya zama Firayim Minista a watan Maris 1971, ƙasa kuwa ta riga ta yamutse. Sai ya ba da umurni a tsare mutane ba tare da shari'a ba. Ran 9 ga watan Agusta soja suka kama mutum 342, kusan dukansu Katolika, da yawa kuwa ba su da hannu cikin tawaye. Maimakon wuta ta mutu, sai ta ƙara ruruwa. Ran 30 ga Janairu 1972 sojan Ingila suka harbe mutum 13 cikin masu zanga-zanga a garin Deri. A watan Maris gwamnatin Landan ta rufe majalisar, ta karɓe mulki.

To, a nan ne mutumin ya sake tunani. Ya gane ba a mulkin ƙasa da ƙarfi alhali kashi ɗaya cikin uku na mutanenta suna ganin gwamnati ba tasu ba ce. A watan Disamba 1973 aka yi taro a Sunningdale cikin Ingila, da gwamnatocin Landan da Dabilin, aka ƙulla yarjejeniya. Ran 1 ga Janairu 1974 sabuwar gwamnati ta kama aiki, da minista shida daga jam'iyyar Faulkner, huɗu daga jam'iyyar SDLP wadda Katolika ke bi, ɗaya kuma daga jam'iyyar Alliance. Faulkner ne shugaba, Gerry Fitt, ɗan Katolika, shi ne mataimakinsa.

Amma fa mutanensa ba su biyo shi ba. Abin da ya fi tsorata su shi ne wata majalisa da aka shirya za ta haɗa arewa da kudu su riƙa shawara, suna ganin ƙofa ce ta miƙa su ga Dabilin. Jam'iyyarsa ta ƙi shirin, ya sauka daga shugabancinta. A zaɓen Fabrairu masu ƙin yarjejeniya suka ci kujera 11 cikin 12. Ran 15 ga Mayu ma'aikatan Furotesta suka fara yajin aiki, suka rage wutar lantarki, suka tare hanyoyi. Ran 28 ga Mayu Faulkner ya yi murabus, gwamnatin ta faɗi tana da wata biyar kacal. Ya rasu ran 3 ga Maris 1977, ya faɗo daga kan doki wajen farauta, yana da shekara 56.

Bayan shekara 24 ana zub da jini, ran 10 ga Afrilu 1998, aka sake ƙulla yarjejeniya a Balfas, ginshiƙinta kuwa shi ne raba mulkin nan da aka ƙi a 1974. Rikicin duka ya ci rai sama da 3,500.

Ya ku 'yan'uwana masu shirin koyarwa, laifin 1971 yana wuyansa, ba mai kankare shi. Duk da haka ba ƙaramin mutum ke zama teburi ɗaya da abokan gābarsa ba, yana sane kujerarsa za ta tafi. Darasi na biyu kuwa, sa hannun shugabanni bai isa ba sai talakawa sun fahimta sun yarda, wannan kuwa tun a aji a ke fara shi, inda yaro ke koyon zama benci ɗaya da wanda addininsu ya bambanta. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.