Nana Asma'u, 'Yar Shehu, Matar Waziri

A darasin tarihi mukan haddace sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu, amma ba safai muke tambaya ba yadda 'ya'yansu mata suka rayu. A ƙasashe da yawa 'yar sarki ba ta da ta cewa a kan aurenta. A 1761 aka ɗauko gimbiya Charlotte daga Jamus tana da shekara 17, aka ɗaura mata aure da Sarki George na Uku na Ingila ran da suka fara ganin juna. A nan ƙasarmu muna da wata 'yar gidan mulki wadda aka aurar da wuri, amma auren bai rufe mata littafi ba. Ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usman ɗan Fodiyo.

An haife ta a Degel a 1793, ita da tagwaicinta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai matan gidan suka rene ta. Tana da shekara 11 jama'ar Shehu suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, yaƙi ya ɓarke tsakaninsu da Gobir. Ta ga yunwa da tafiyar ƙasa da mutuwar 'yan'uwa. A 1805 jama'ar suka yada zango a Sabon Gari, nan ƙasar Zamfara, kafin su wuce Gwandu. Ke nan ta taka ƙasarmu tana yarinya kamar 'yan ajinmu na ɗaya.

Wajen 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello. Da Bello ya zama Sarkin Musulmi a 1817, Giɗaɗo ne Wazirinsa, shi ne kuma ya sauki Baturen nan Clapperton a Sakkwato a 1824. Giɗaɗo malami ne, bai hana matarsa karatu ba. Su biyu suka himmatu wajen adana littattafan Shehu da tarihinsa. Ta haifa masa 'ya'ya maza, ɗansu Abdulƙadir ya gaje shi a wazirci. Daga zuriyarsu Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya fito.

Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ayyukanta fiye da 60 sun iso gare mu. Amma babban aikinta shi ne ilmantar da matan ƙauye, waɗanda da yawansu yaƙi ya tarwatsa. Ta zaɓi dattijai mata masu hankali, ta naɗa musu malfa, ana kiran kowacce jaji. Jaji takan jagoranci 'yan mata da tsofaffi zuwa wurinta, su haddace darasi cikin waƙa, su koma su koya wa matan auren da ba sa iya barin gida. Su ne ake kira 'Yan Taru. Babu allo babu alli, amma ilmi ya shiga har madafa. Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Sakkwato.

Duk mun san yarinya a Anka ko Gummi ko Bukkuyum wadda ta fi kowa ƙoƙari a aji, amma bayan hutu kujerarta ta zama fanko. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyayenmu, ku bar 'yan mata su gama karatu. Samarinmu kuwa, in lokaci ya yi, ku yi koyi da Giɗaɗo. Ku 'yan mata, abin da kuka koya a nan ku kai shi gida, kamar yadda jaji take yi.