Imam Nawawi: Malamin Da Bai Jira Nishaɗi Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi, akwai wata cuta da ta yi yawa a cikinmu, kai ma ka san ta. Ranar da aka tashi daga wa'azi, ko cikin goman ƙarshe na azumi, sai ka ji zuciyarka ta cika, ka ɗaukar wa kanka alkawari: izu guda kullum, asuba a sahun farko, darasi gaban malam tsakanin magariba da isha'i. Mako ɗaya, mako biyu, sai abu ya fara ja da baya. Kafin babbar salla littafin ya yi ƙura. Wutar kara ke nan, ta tashi bal-bal, ta mutu nan da nan. To, don neman maganin wannan cuta za mu ba ka tarihin wani bawan Allah wanda kusan duk ɗan Islamiyya ya riƙe littafinsa, watau mai Arba'una Hadisi.

Sunansa Yahaya ɗan Sharaf. An haife shi a watan Muharram na shekara ta 631 bayan Hijira, daidai da 1233, a wani gari da ake ce wa Nawa a ƙasar Sham, kudu da birnin Dimashƙa. Daga sunan garin ne ake kiransa Nawawi. Mahaifinsa mai kanti ne, kuma ya sa shi tsaron kantin tun yana yaro, amma ciniki bai raba shi da Alƙur'ani ba. Yana ɗan shekara 10 wani malami ya gan shi yara suna jansa wasa, shi kuwa yana gudu yana kuka yana tilawa. Malamin ya yi magana a kansa, labari ya kai ga mahaifin, aka bar shi ya duƙufa, har ya haddace Alƙur'ani yana gab da balaga.

A shekara ta 649 mahaifinsa ya kai shi Dimashƙa, ya sauka a makarantar Rawahiyya, abincinsa ɗan abin da makaranta take raba wa ɗalibai. Cikin kamar wata huɗu da rabi ya haddace littafin Tanbihi na fiƙihun Shafi'iyya. Sa'an nan ya tsara wa kansa darasi 12 kullum a gaban malamai: fiƙihu, da hadisi, da nahawu, da sarfu, da lugga, da usulu, da sanin maruwaita hadisi. Kuma ba zama kawai yake yi ya saurara ba. Duk abin da ya shige masa duhu sai ya rubuta bayaninsa, duk kalmar da ke da wuyar furuci sai ya yi mata wasali. Ko tafiya yake a hanya, bakinsa yana maimaita hadda. Cin abincinsa sau ɗaya ne, bayan isha'i, shan ruwa kuma sau ɗaya, gab da asuba. Almajirinsa Ibnul Aɗɗar, wanda ya rubuta tarihinsa, shi ya kawo mana mafi yawan waɗannan bayanai.

Yanzu tsaya ka yi tunani, ɗan'uwa. Kana zaton duk safiyar Allah da nishaɗi yake tashi? Ai mutum ne kamarka, yana gajiya, yana ciwo. A shekara ta 651 ya tafi aikin hajji tare da mahaifinsa, zazzaɓi ya kama shi tun daga fitarsu Nawa bai sake shi ba sai ranar Arfa, mahaifin kuma ya ba da labari cewa bai ji shi ya yi raki ba. Da ya dawo ya koma kan darussansa. Zamanin ma ba na kwanciyar hankali ba ne. A 656 Tatar suka rushe Bagadaza, a 658 suka shiga Dimashƙa kanta kafin a kore su. Da mai neman uzuri ne, da ya samu.

Akwai kuma wani abu da ya faru gare shi wanda ya kamata ka riƙe. Wata rana sha'awar karatun likita ta shiga ransa, ya sayi littafin Ƙanun na Ibnu Sina. Sai ya ji zuciyarsa ta yi duhu, ya yi kwanaki ya kasa taɓa komai. Bai zauna yana jiran himma ta dawo da kanta ba. Ya binciki kansa, ya gano daga inda matsalar ta shigo, ya sayar da littafin, ya koma kan abin da ya saba, zuciyarsa ta washe. Kada ka fahimci cewa ilmin likita abin ƙi ne, a'a, al'umma tana bukatarsa, kuma wajibi ne a sami masu yinsa. Abin lura shi ne, idan ka ji kasala ta rufe ka, duba wane sabon abu ka shigo da shi wanda ya raba maka hankali. Wani hira ce a bakin titi har tsakar dare, wani waya ce a hannu, wani kuwa buri ne ya yi masa yawa, ya buɗe littafi biyar bai sauke ko ɗaya ba.

A 665 aka ba shi shugabancin Darul Hadisil Ashrafiyya, babbar makarantar hadisi ta Dimashƙa, bai kuwa karɓi albashinta ba. Yana karantarwa, yana rubutu. Ya yi sharhin Sahihu Muslim. Ya rubuta Riyadus Salihina, wanda ya kammala a Ramalan na 670, mai hadisi kusan 1,900. Ya rubuta Al-Azkar, da Minhajuɗ Ɗalibina, da Raudatuɗ Ɗalibina, da Tibyan a kan ladubban mahaddata Alƙur'ani, da Arba'una mai hadisi 42. Ya fara Majmu'u, babban littafin fiƙihu, ya kai babin riba, ajali ya riske shi, malaman baya suka ci gaba. Mutumin da ya iya cin ƙarfin cikinsa da barcinsa, tsoron mai mulki ba ya kama shi. Shi ya sa ya rubuta wa Sarki Baibaras takardun nasiha a kan dukiyar talakawa, sarki ya yi fushi, shi kuwa bai janye ba.

Da ƙarshen rayuwarsa ya mayar da littattafan da ya aro, ya yi sallama da abokansa, ya ziyarci Baitul Maƙdis, ya koma Nawa gidan mahaifinsa. Can ya yi jinya, ya rasu ran 24 ga Rajab, 676, daidai da 1277. Shekararsa 45 kacal. Allah Ya jiƙansa. Yau fiye da shekara 700 ke nan, ana karanta littattafansa a masallatai da zaurukan malamai daga Kano har Makka.

To, ba mu ce ka bar barci ba, ba mu ce ka ƙi aure ba don shi bai yi ba. Aure sunna ce, jikinka kuma yana da hakki a kanka. Shi kansa Nawawi ya ƙulla babi a Riyadus Salihina a kan tsakaitawa cikin ibada, ya bi shi da babi a kan kiyaye aikin da mutum ya saba. Kuma ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa aikin da ya ɗore, ko kaɗan ne, shi Allah Ya fi so.

Saboda haka fara da abin da za ka iya ko ranar da ka fi kowa gajiya. Shafi ɗaya na Alƙur'ani, hadisi ɗaya. Ɗaura shi a jikin salla, domin salla tana da lokaci, ba ta jiran nishaɗinka: bayan asuba kafin ka tashi daga inda ka yi sallama. Nemi malami da zai tambaye ka idan bai gan ka ba, da aboki da zai buga maka ƙofa. Kwanta da wuri, don wanda ya raba dare yana hira ya riga ya sayar da asubarsa. Idan rana ɗaya ta kuɓuce maka, kada Shaiɗan ya ce maka ai an riga an ɓata. Rama da hantsi, ka ci gaba. Kada kuma ka ƙara sai abin da kake kai ya zauna. Yi lissafi da kanka: hadisi ɗaya a mako, kafin shekara ta zagayo ka haddace Arba'una. Yau da gobe ita ta sa allura ta haƙa rijiya.

Ranar da za a gane ko kai wane ne ita ce ranar da sanyi ya sauko, bargo ya yi daɗi, babu mai wa'azi, babu mai ganinka sai Allah. Allah Ya ba mu tabbata a kan alheri, Ya tsare mu daga kasala, Ya sa mu cika da imani. Amin.