Hans Christian Gram: Likitan Da Ya Rina Ƙwayoyin Cuta

'Yan ajinmu za su tuna ranar da malamin Bayoloji ya jera mu a bayan madubin likita guda ɗaya tak, muka riƙa leƙa wasu 'yan ɗige-ɗige, wasu shunayya, wasu ja-ja. Sunan Gram kuwa, ni dai a lokacin na ɗauka awon nauyi ake nufi. Ban nemi sanin mutumin ba sai bara, da aka kwantar da 'yata ana zargin sanƙarau. An ɗebi ruwan bayanta, aka rina, kafin la'asar likita ya san irin ƙwayar da yake yaƙi da ita.

An haifi Hans Christian Gram a Kofanhagen ta ƙasar Danmak a 1853. Da ilmin tsirrai ya fara, kuma a nan ya saba da madubi kafin ya koma likitanci. A 1884, yana aiki a birnin Balin tare da Carl Friedländer, yana duba huhun waɗanda ciwon namoniya ya kashe. Damuwarsa ita ce ƙwayoyin ba sa fitowa sosai a cikin tsoka. Sai ya zuba musu shunayyan rini, ya bi da aidin don rinin ya kama, sannan ya wanke da sifirit. Wasu ƙwayoyin suka riƙe launin gam, wasu kuma, kamar na taifot, suka sake shi, tamkar yadin da ya ƙi karɓar baba a marina.

Abin da ya ba ni sha'awa, ba rarraba ƙwayoyin cuta ya fita nema ba. Daga baya ne aka gane cewa masu riƙe rinin bangon jikinsu kauri gare shi, masu saki kuwa nasu siriri ne, ana bin su da jan rini don a gan su. Ƙwayar da ta jawo annobar sanƙarau a Arewa a 1996 tana cikin masu saki, haka ma ta kwalara. Wannan bambanci yana taimaka wa likita ya zaɓi magani tun kafin a shafe kwanaki ana renon ƙwayar.

Shi kansa Gram bai ɗauki aikin da girma ba, har ya rubuta cewa dabarar tana da naƙasu, yana fatan wasu su gyara. Ya koma gida, ya zama farfesan ilmin magunguna a 1891, na likitanci a 1900, ya yi ritaya a 1923. Ya rasu a 1938 yana da shekara 85.

'Yar tawa kuwa, alhamdu lillahi, ta koma makaranta.