Jorj Hebeshi, mai bin sawun abin da ido ba ya gani

An haifi Jorj Hebeshi ran 1 ga watan Agusta na shekara ta 1885 a birnin Budafes, cikin ƙasar Hangari. A littattafan faransanci ana rubuta sunansa Georges de Hevesy. Iyayensa masu hali ne, sun tura shi karatu ƙasar Jamus. A can ya samu digirin dokta a birnin Firaibur a shekara ta 1908.

A shekara ta 1911 ya tafi Mancesta, a Ingila, wurin wani babban malami mai suna Ernes Rutafod. A lokacin nan masana suna binciken wasu ma'adinai masu fitar da wani irin haske da ido ba ya gani, amma na'ura tana jin shi. Rutafod yana da darma mai yawa wadda ta gauraya da ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa, ana ce da shi radiyom D. Sai ya sa Hebeshi ya raba su.

Hebeshi ya narka, ya tace, ya dafa, ya sake tacewa. Ya yi wajen shekara biyu yana fama, abu ya ƙi rabuwa. Daga baya aka gane dalili: radiyom D shi ma darma ne, sai dai darma mai fitar da haske. Duk inda darma ta shiga, yana biye da ita.

Nan Hebeshi ya yi tunani. Makiyayi yakan ɗaura wa akuya guda ƙararrawa. Ko dare ya yi, in ya ji ƙarar, ya san inda garke yake, don akuyar ba ta rabuwa da ƴan uwanta. Tun da radiyom D ba ya rabuwa da darma, to shi ne zai zama ƙararrawarta. A shekara ta 1913, shi da abokinsa Firits Fanet suka gwada wannan dabara a birnin Biyana, ta yi aiki.

Daga nan ya koma Kofenhagen, babban birnin Danmak. A shekara ta 1923 ya tsoma saiwar wake cikin ruwa mai ɗan darma mai haske. Ya auna, ya ga yawan darmar da ta tsaya a saiwa, da wadda ta hau kara da ganye. Wannan shi ne karo na farko da aka bi sawun wani abu cikin jikin mai rai ta wannan hanya. A shekarar nan kuma shi da Dirk Kosta suka gano wani sabon ƙarfe, suka sa masa suna hafniyom.

A shekara ta 1934, a Faransa, Iren Joliyo-Kuri da mijinta Firederik suka nuna ɗan Adam yana iya sa abin da ba ya haske ya riƙa haske. Sai Hebeshi ya samu fosfor mai haske, ya ba ɓeraye cikin abinci a shekara ta 1935. Ya ga fosfor yana shiga ƙashi, yana kuma fita. Da mutane suna tsammanin ƙashi in ya gama girma ya tsaya kamar dutse. Ashe kullum jiki yana rushe shi yana sake gina shi.

Da Jamusawa suka mamaye Danmak a shekara ta 1940, akwai lambobin Nobel biyu na zinariya da masana biyu na Jamus suka ba da ajiya. In sojoji suka gan su, ɗaya daga cikin masu su zai shiga uku. Hebeshi ya narkar da su cikin ruwan asid, ya aje kwalbar bisa kanta cikin sauran kwalabe. Sojoji ba su kula ta ba. Bayan yaƙi aka fitar da zinariyar, aka sake ƙera lambobin. Shi kansa, da yake asalin danginsa Yahudawa ne, ya gudu zuwa Suwidin a shekara ta 1943. An ba shi lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai ta wannan shekara. Ya rasu a Firaibur ran 5 ga watan Yuli na shekara ta 1966.

Abin da ya bar wa yara marasa lafiya

Bisa kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka, tana zaune kamar hula. Ita ke sakin sinadarin da ke sa zuciya bugawa da sauri in mutum ya tsorata. Akwai wani ciwon daji mai suna nurobilastoma wanda yakan fara a wannan wuri. Ya fi kama yaran da ba su kai shekara 5 ba. Cikin yaro yakan kumbura, ya rame, ya yi ta zazzaɓi, wani lokaci ƙasusuwa su yi masa ciwo.

Ciwon ba ya tsayawa wuri guda. Yakan bi jini ya shiga ƙashi da ɓargo. In likita ya yanke ƙarin da ke bisa ƙoda alhali akwai saura cikin ƙashi, yaro bai warke ba. Dole ya san duk inda ciwon ya ɓuya kafin ya zaɓi magani.

Wajen shekara ta 1980, masana a jami'ar Mishigan ta Amurka suka haɗa wani sinadari da ake kira MIBG. Ya yi kama da abin da ƙwayoyin wannan ciwo suka saba tsotsa. Ana ɗaura masa iyod mai haske, shi ne ƙararrawar. Da farko ana ba yaro ɗigon iyod na baki don a tsare tsokar maƙoshinsa. Sa'an nan a yi masa allurar MIBG a jijiya. Kashegari ya kwanta shiru ƙarƙashin wata babbar kyamara mai jin hasken. Duk inda ciwon ya tara sinadarin, sai tabo ya fito a hoto. Cikin yara 10 masu wannan ciwo, wajen 9 ana ganin nasu ta haka. Hasken kuma ba ya daɗewa: irin iyod da aka fi aiki da shi, ƙarfinsa yana raguwa da rabi kowace awa 13.

Bayan an yi wata da watanni ana magani, sai a sake hoton. In tabo ya ragu ko ya ɓace, likita da iyaye sun san magani yana ci. In bai ragu ba, a sake dabara tun da sauran lokaci.

A Yamai ma, a jami'ar Abdu Mumuni, akwai cibiyar da likitoci ke duba marasa lafiya da irin waɗannan sinadarai masu haske. Dukansu suna aiki da dabarar da Hebeshi ya samo lokacin da darma ta gagare shi.

Tambayoyi

1. Wane aiki Rutafod ya ba Hebeshi? Don me aikin ya gagara?
2. Me Hebeshi ya gano game da ƙashi?
3. Ina ƙoda take a jikinka? Zana ta da ƴar hularta.
4. Don me likita ke son ganin duk inda ciwo ya ɓuya kafin ya yi aiki?