Rowland Bingham: Bawan Allah da Ya Koma ga Littafi Domin Sanin Kwanakin Ƙarshe

A duk lokacin da duniya ta rikice, zancen kwanakin ƙarshe yakan cika bakin masu bi. Iyayenmu na Nguru da Gashuwa sun ji shi a lokacin farin 1973, an sake jinsa gab da shekara ta 2000, haka kuma a shekarun tashin hankalin da ya girgiza Jihar Yobe tun daga 2011. Tambayar ba ta canjawa: ashe, ƙarshen ne ya zo? Rayuwar Rowland Victor Bingham, ɗaya daga cikin mutum uku da suka fara aikin mishan na SIM, tana da abin koya wa iyalin Kirista a kan yadda ya kamata a riƙi annabci.

Mafarinsa

An haifi Bingham ranar 19 ga Disamba, 1872, a garin East Grinstead na ƙasar Ingila. Ya karɓi Yesu yana saurayi ta wurin wa'azin ƙungiyar Salvation Army, ya kuma ƙaura zuwa Kanada yana da shekara 16. A birnin Toronto ya sadu da mahaifiyar Walter Gowans, wadda ta ɗora masa nawayar ƙasar Sudan, wato faɗin ƙasar da ke kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa da Borno.

A zamanin nan masu bi da yawa a Amurka da Kanada sun ɗauki Matiyu 24:14 da muhimmanci ƙwarai, inda Ubangiji ya nuna cewa sai an yi shelar bishara ga dukan al'ummai kafin matuƙa ta zo. A ganinsu, wanda yake marmarin dawowar Almasihu ba zai naɗe hannu ba alhali akwai kabilun da ba su ji ba.

Ranar 4 ga Disamba, 1893, Bingham da Gowans da Thomas Kent suka sauka a Ikko. Cikin shekara guda Gowans ya rasu a Girku, ta wajen Zariya, Kent kuma ya rasu a Bida. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, ya koma gida a 1895. Ya sake gwadawa a 1900, ciwon ya sake kora shi. Sai a 1902 ne ayari na uku ya kafa tasha a Patigi, a ƙasar Nufe, shi kuwa yana jagorancin aikin daga Toronto.

Tambayar da ta fito daga cikin gida

Bingham ya taso cikin koyarwar da ta samo asali daga John Nelson Darby, wadda Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909 ya baza ko'ina. Koyarwar tana cewa za a fyauce ikkilisiya a asirce kafin babban tsanani, daga baya kuma Almasihu ya bayyana a fili. Waɗansu malamanta har sun ƙara da cewa yawancin Bisharar Matiyu, har da Huɗuba a Kan Dutse, domin Yahudawa aka rubuta, ba domin ikkilisiya ba. Bingham ya koyar da wannan da zuciya ɗaya.

Wata rana matarsa Helen, wadda ya aura a 1898, ta roƙe shi ya nuna mata inda Littafi ya koyar da fyaucewa ta asiri. Ya kawo mata 1 Tasalonikawa sura 4, amma ba ta gamsu ba, gama wurin yana maganar kira mai ƙarfi da muryar babban mala'ika da busar ƙaho. Wani maigidan da ya tsawata mata, ya ce ba hurumin mace ba ne. Bingham bai yi haka ba. Ya ajiye littattafan sharhi, ya ɗauki Littafi Mai Tsarki kaɗai, ya shafe makonni yana bincike.

Sakamakon binciken ya fito a 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, cikin littafinsa mai suna Matthew the Publican and His Gospel. A ciki ya nuna cewa Bisharar Matiyu ta dukan masu bi ce, umarnin da ke sura 28 na almajirtar da al'ummai kuwa yana kan wuyan ikkilisiya. Bai daina gaskata cewa Yesu zai dawo da kansa ya yi mulki ba. Abin da ya bari shi ne tabbacin cewa ikkilisiya ba za ta ga tsanani ba. Wannan ya jawo masa suka daga waɗansu abokan hidimarsa, a daidai lokacin da mishan ɗin yake dogara ga bayarwar irin waɗannan mutane.

Bai raba zumunci ba

Har yau malaman da suke tsoron Allah suna da ra'ayi dabam dabam a kan lokacin fyaucewa, kuma akwai masu riƙe da koyarwar da Bingham ya bari, suna da ayoyinsu. Abin lura shi ne, bai mai da ra'ayinsa sandan korar kowa ba. Ya ci gaba da aiki kafaɗa da kafaɗa da waɗanda suka saɓa masa, ta wurin mujallar Evangelical Christian da ya yi wa edita tun 1904, da taron Keswick na Kanada da ya kafa a 1924. Bai kuma taɓa sa wa zuwan Ubangiji rana ba.

Haƙurinsa ya haifi 'ya'ya. A 1930 hanyar jirgin ƙasa ta kai Nguru, a 1933 SIM ta sami wurin zama a Kano, daga baya kuma aikin jinyar kutare ya buɗe ƙofofi a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Bingham ya rasu ranar 8 ga Disamba, 1942, shekara guda kafin cikar aikin shekara 50. A 1954 ikkilisiyoyin da aikin ya haifa suka haɗu suka zama ECWA, wadda take da majami'u har a arewacin Yobe.

Abin da ya bar mana

Ya kai mai karatu, littattafan Daniyel da Ru'ya ta Yohanna an rubuta su ne ga mutanen da ke shan wuya, domin su jimre, ba domin su firgita ba. In wani ya zo da lissafin ranaku, ko da sabon fassarar lambar 666, sai iyali su yi kamar mutanen Biriya na Ayyukan Manzanni 17:11, su buɗe Littafi su duba. Maigida ya saurari tambayar matarsa da ta 'ya'yansa a lokacin addu'ar iyali, gama ta bakin na gida Allah yakan gyara malami. Manomi ya shuka geronsa, ɗalibi ya koma makaranta, mai bishara ya ci gaba da tafiya. Bawan da ubangidansa ya tarar yana kan aiki, shi ne mai albarka.

Allah ya same mu a faɗake a ranar zuwansa. Amin.